DARASIN WANNAN FITOWA: Godiyar Yau da Kullum, Koyi Daga Rayuwar Nana Asma'u

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Darasinmu na wannan fitowa a kan godiya ne, kuma abin da ya jawo shi wata magana ce da aka yi mini a ajin matan aure na Islamiyyarmu a nan Kwargaba. Muna cikin bayanin falalar godiya, sai wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce: "Malama, ku dai kullum a gode, a gode. To ni mi nis samu? Maigida ba shi da komi, ga ɗiya biyar, ga tsadar hatsi."

Aji ya yi tsit. Ban ga laifinta ba, domin abin da ta faɗa shi ne a zukatan mata da yawa, ita dai ta fi su ƙarfin halin furtawa ne. Na tambaye ta: yaran nan biyar lafiyarsu ƙalau? Ta ce ƙalau. Da ƙafarki kika zo makaranta? Ta yi dariya ta ce da ƙafarta. Wa ya rubuta abin da ke cikin littafin nan na gabanki? Ta ce ita ta rubuta. Na ce to ga uku nan mun ƙirga tun ba mu tashi daga kan tabarma ba: iyali, da lafiya, da alƙalami. A kan waɗannan ukun za mu tsaya yau in Allah Ya yarda.

MECE CE GODIYA?

Yawancinmu idan an ce godiya, abin da ke zuwa mana a rai shi ne faɗin "Alhamdu lillahi". Wannan kuwa yana da kyau ƙwarai, amma kashi ɗaya ne cikin uku. Malamai sun kasa godiya gida uku. Akwai godiyar zuciya, wato ki sakankance cewa ni'imar nan daga Allah take, ba wayonki ko ƙarfinki ya ba ki ba. Akwai godiyar harshe, wato ki yabi Allah a kanta. Sannan akwai godiyar gaɓoɓi, wato ki yi amfani da ni'imar a inda Wanda Ya ba ki ita Yake so. Imam Gazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din a kan haƙuri da godiya, Ibnul Ƙayyim kuma ya rubuta littafi sukutum a kansu mai suna Uddatus Sabirina.

Ki duba Suratu Saba'i aya ta 13. A nan Allah (SWT) Ya umurci iyalan Annabi Dawuda (AS) da su yi aiki domin godiya, sannan Ya bayyana cewa masu yawan godiya a cikin bayinSa kaɗan ne. Ki lura da kyau, aiki aka ce su yi. A Suratu Ibrahim aya ta 7 kuwa, Allah Ya yi alkawarin ƙari ga wanda ya gode, Ya kuma yi gargaɗin azaba mai tsanani ga wanda ya butulce. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan yi tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura. Da Nana A'isha (RA) ta tambaye shi dalili alhali an gafarta masa, sai ya nuna mata cewa yana son ya zama bawa mai yawan godiya ne. Ashe ke nan godiyar da Manzon Allah ya koyar da mu tana da nauyi a jiki, ana ganinta a aikace.

WADDA ZA MU YI KOYI DA ITA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Mu mutanen ƙasar Wurno, hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na nan kusa da mu, a garin da ya gina a matsayin ribaɗi, ya kuma rasu a cikinsa a 1837. Ƙanwarsa ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, matar wazirinsa Gidado ɗan Laima.

An haifi Nana Asma'u a Degel a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, matan Shehu ne suka raine ta. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta sha wahalar tafiya da yunwa da tsoron abokan gaba tare da sauran jama'a. A 1817 ta rasa mahaifinta, a wannan shekarar kuma ta rasa Hassan.  Ta ga rasuwar Bello, ta ga ta mijinta, ta rayu shekara fiye da 10 a bayansa, sannan Allah Ya karɓi ranta a 1864. Kabarinta na Hubbaren Shehu a Sakkwato.

Na jero miki waɗannan ne don kada ki ce ai 'yar Shehu ce, matar Waziri, mi za ta sani game da wahala? Maraici, gudun hijira, mutuwar ɗa, takaba, babu wanda ba ta ɗanɗana ba. Amma duk da haka matar nan ta bar mana rubuce-rubuce fiye da 60 cikin Larabci da Fillanci da Hausa, kuma duk wanda ya karanta su zai ga cike suke da yabon Allah da ambaton alherin mutane.

NI'IMA TA FARKO: IYALI DA MUTANEN DA KE KEWAYE DA KE

Wani abin da ya fi burge ni a ayyukan Nana Asma'u shi ne marsiyyoyinta, wato waƙoƙin da ta yi wa waɗanda suka rasu. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Gidado, ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima da aminiyarta A'isha matar Bello. Amma ba ta tsaya ga manyan gida ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu wadda ke taimakon mata wajen haihuwa, ta yi wa Hawwa'u, ɗaya daga cikin jagororin ɗalibanta. Matan nan ba su da sarauta ba su da dukiya. Da ba don ita ta ambace su ba, da yau babu wanda ya san an yi su a duniya. Kuma a waƙoƙin nan halayen kirki take ƙirgawa: haƙuri, kyauta, sada zumunci, kyautata wa maƙwabci, son karatu.

Wannan shi ne aiki da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ke nuna cewa mutumin da ba ya gode wa mutane bai gode wa Allah ba. Allah kuma a Suratu Luƙman aya ta 14 Ya haɗa gode maSa da gode wa iyaye a wuri ɗaya.

To 'yar'uwa, yaushe rabonki da ki ce wa maigida "Allah Ya saka da alheri" a kan cefanen da ya kawo, ko da bai kai yadda kike so ba? Yaushe rabonki da ki gode wa uwar mijinki da ke riƙe miki yaro ki zo makaranta? Abokiyar zamanki da ta dafa miki ruwan wanka kina jego fa? 'Yarki da ke wanke-wanke da ɗebo ruwa kullum, ta taɓa jin kin ce "Allah Ya yi miki albarka" ba tare da an haɗa da faɗa ba? Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici.

A nan dole in tunatar da mu wani hadisi mai nauyi da ke cikin Buhari da Muslim. Annabi (SAW) ya yi wa mata wa'azi a ranar idi, ya gargaɗe su game da wuta, ya ambaci dalilai biyu: yawan la'anta da butulce wa miji. A wata ruwayar an bayyana siffar butulcin, wato a daɗe ana kyautata wa mace, rana ɗaya ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta shafe duk alherin baya. Mu ji tsoron Allah, mu kiyayi kalmar nan ta "me ka taɓa yi mini?" Amma ki lura da maganin da ya ba su: ya umurce su da sadaka, nan take kuwa suka riƙa cire 'yan kunne da zobba suna jefawa a tufar Bilal (RA). Nan ma dai aiki ne ya zama magani.

NI'IMA TA BIYU: LAFIYA DA KWANCIYAR HANKALI

Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa akwai ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a kansu: lafiya da samun sarari. Tirmizi kuma ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jikinsa, da abincin yininsa, to kamar an tattara masa duniya ne gaba ɗaya.

Mu a gabashin Sakkwato ba sai an yi mana dogon sharhin wannan hadisi ba. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan gulbin Rima ya ci gidaje da rumbuna da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta, sun san darajar kwana a ɗakin da bai jiƙe ba. Waɗanda suka rasa 'yan'uwa a harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021, da waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a ƙasar Rabah da sauran wurare, sun san darajar a ce maigida ya tafi kasuwa ya dawo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Ke da kika kwana a ɗakinki, kika tashi kika ƙirga 'ya'yanki suka cika, wallahi kin samu abin da wata ke kuka tana roƙo.

Nana Asma'u ba ta ɗauki lafiya da wasa ba. A cikin waƙoƙinta akwai wadda ta tsara musamman domin gode wa Allah da Ya ba ta sauƙi daga rashin lafiya. A 1839 kuma ta rubuta littafin Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattaro abin da aka ruwaito game da neman waraka da kariya da surorin Alƙur'ani, har da abin da ya shafi mata masu ciki da haihuwa. Ke nan ta gode da harshe, sannan ta juya ta amfanar da marasa lafiya da iliminta.

Ni kaina sai da na kwanta na gane. Bayan haihuwata ta uku na yi jinya ta kusan wata biyu, hannuna na rawa, ko sunana ba na iya rubutawa a miƙe. Ina kwance ina jin yara na wucewa zuwa Islamiyya suna rera 'yar waƙar farillan alwala da na tsara musu, ni kuwa ko buta sai an riƙa mini. Ran da na fara iya ɗaura alwala da kaina, na yi sujadar godiya ina hawaye. Shekara nawa ina alwala da hannun nan, ban taɓa tunanin ni'ima ce ba? Gaskiyar Hausawa, lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Godiyar lafiya a aikace ita ce ki kiyaye ta, ki kuma yi ibada da ita tun tana nan. Ki je awo idan kina da ciki. Ki kai yara rigakafi. Ki ɗaura gidan sauro, musamman mu da ke kusa da fadama. Kada ki bar zazzaɓi ya kwana uku a jikin yaro kina cewa shawara ce. Ki rama azumin da ake binki tun da ƙarfinki. Ki je ki duba maras lafiya, ki kai mata ko da kunu ne.

NI'IMA TA UKU: ALƘALAMI DA AIKIN HANNU

A nan ne darasin Nana Asma'u ya fi fitowa fili. Allah Ya ba ta ilimi da baiwar tsara waƙa. Da ta so, da ta tsaya ga Larabci, malamai na yaba mata daga nan har ƙasashen Sahara. Amma ta duba ta ga matan karkara da ba su jin Larabci ba su jin Fillanci, sai ta riƙa sauko musu da karatu cikin Hausa. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin waƙa don a samu sauƙin riƙewa. Ta rubuta Godaben Gaskiya, ta rubuta tarihin jihadin Shehu a waƙe, ta rubuta waƙa a kan mata salihai tun daga iyalan gidan Annabi (SAW) har zuwa matan zamaninta.

Sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru. A kowane yanki akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji, a ba ta malfa da jan ƙyalle alamar jagoranci. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana su tako da ƙafa zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da ke cikin gidaje. Sadakar da suke kawowa ta hatsi da tufafi da sauransu akan raba wa mabuƙata. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin wannan aiki. Zuriyarta kuma suka adana takardunta a gidan Waziri a Sakkwato, har zuwa kan marigayi Waziri Junaidu. Daga nan ne Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta suka buga a Amurka a 1997. Alƙalamin kara da tawadar da aka yi godiya da su, ga shi sama da shekara 160 bayan rasuwar mai su ana amfana.

Yanzu mu dawo kanmu. Mu nawa ne muka yi sakandare, wasu har kwalejin ilimi, amma tun da aka kai mu ɗaki muka rufe littafi? Mu nawa ne muka sauke Alƙur'ani, amma maƙwabciyarmu ta jikin katanga ba ta iya Fatiha daidai ba, ba mu taɓa ce mata zo mu gyara ba? Wannan ni'ima ce aka ba mu muka kulle a adaka, kuma za a tambaye mu a kanta.

Ba kowa ce za ta tsara waƙa ba, kuma ba a ce dole ba. Wata baiwarta ɗinki ce, wata saƙa, wata kitso, wata ta iya sarrafa shinkafa da gyaɗa, wata ta iya sasanta masu faɗa, wata ta iya rarrashin mai naƙuda. Kowace baiwa tana da zakkarta, zakkar kuwa ita ce ki koya wa wata, ki kuma kyautata aikin, ba algus ba ha'inci.

Ni dai duk daren da na samu yara suka yi barci, na jawo fitila na rubuta ko da layi biyar ne na darasin gobe, nakan tuna cewa mutum nawa ne suka taru kafin layukan nan su samu: mahaifin da ya ƙi cire ni daga makaranta duk da surutun dangi, maigidan da bai hana ni koyarwa ba, uwar miji da ke goya mini yaro, da idon da ke gani da hannun da ya daina rawa. Babu ko ɗaya da na saya da kuɗina.

GYARA WATA FAHIMTA

Kada a fahimci cewa godiya na nufin mace ta yi shiru a kan zalunci. Idan ana tauye miki haƙƙin da shari'a ta ba ki na ci da sha da tufafi da kyakkyawan zama, ki nema ta hanyar da ta dace: ki yi magana da shi cikin ladabi, in ya ƙi ki kai ga magabata. Khaulatu 'yar Sa'alaba (RA) ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi (SAW), Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. Mai godiya tana neman haƙƙinta ba tare da ta musanta alherin da aka yi mata ba.

Haka kuma ambaton ni'ima, wanda ƙarshen Suratud Duha ya yi umurni da shi, daban yake da fariya. Ɗora hoton kwanon abinci da sabon leshi a WhatsApp don kishiya ko faccala ta gani ta ji haushi, wannan ba godiya ba ce. Kuma ke mai kallo, ki tuna da hadisin Muslim da ya umurce mu da duban na ƙasa da mu a sha'anin duniya, domin kada mu raina ni'imar Allah a kanmu.

AIKIN GIDA

Ga abin da na ba ɗalibaina, ke ma ki gwada na wata ɗaya. Ki samu ƙaramin littafin rubutu. Kowane dare kafin ki kwanta ki rubuta abu uku, da boko ko da ajami:

1. Alheri ɗaya da wani a gidanki ko maƙwabtanki ya yi miki yau, da sunansa. Gobe ki gode masa baki da baki.
2. Abu ɗaya da lafiyarki ta ba ki damar yi yau.
3. Abu ɗaya da kika yi da iliminki ko sana'arki wanda ya amfani wani. In babu, ki rubuta abin da za ki yi gobe.

Wannan ba wani wuridi ba ne da aka ƙayyade a addini, hanya ce kawai ta yi wa kai hisabi. Wadda ba ta iya rubutu ba ta ƙirga da yatsunta, ko ta sa 'yarta ta rubuta mata. Ki kuma lizimci addu'ar da Annabi (SAW) ya koya wa Mu'azu ɗan Jabal (RA) a bayan kowace salla, ta neman taimakon Allah a kan ambatonSa da gode maSa da kyautata bautarSa. In ba ki haddace ta ba, ki tambayi malamarku.

Ita kuwa baiwar Allah da ta yi mini tambayar nan, bayan mako uku ta zo da littafinta. Hatsi bai sauko ba, maigida ma yana nan yadda yake. Amma ta ce: "Malama, ashe uwar mijina ta fi kowa fitowa cikin littafin ga, ni ko da ita nika yawan faɗa." Yanzu ita ke biya wa mata biyu na gidansu karatun Ahalari bayan la'asar.

Allah Ya sa mu cikin bayinSa 'yan kaɗan masu godiya. Ya jiƙan Shehu da Bello da Nana Asma'u da iyayenmu da malamanmu. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.